Ba ni da kwamfuta: zan iya saita sabuwar rauta da wayata kawai?

Tambaya: Na sayi na'urar Wi-Fi ta gida, wadda ake kira rauta, amma ba ni da kwamfuta, wayar hannu ce kawai gare ni. Na jona ta da wuta, fitilunta sun kama, wayata ma tana ganin sunanta, amma daga nan ban san abin yi ba. Waya za ta iya wannan aiki, ko sai na kira mai gyara?

Amsa:

Wayarka ta isa, ɗan'uwa, ba sai ka kira kowa ba. Saitin rauta ba a cikin kwamfuta yake zaune ba, a cikin ita rautar yake. Tana da ɗan shafinta na kanta da take nuna wa duk na'urar da ta haɗu da ita, kuma duk abin da ke da burauza, Chrome ce ko Safari, zai buɗe wannan shafi. Kamfanonin ma yanzu sun fi karkata ga waya. Akwai irin su eero da Nest Wifi na Google da ba a saita su ta wata hanya sai da manhajar waya.

Sai dai ka sa wani abu a ranka tun kafin mu fara. Lokacin da intanet ya zo, bidiyo ya fara buɗewa, aiki bai ƙare ba. A nan ne yawancin mutane suke ajiye waya su ce an gama, alhali sun bar na'urar da saƙonnin gida, da hotuna, da harkar banki za su riƙa bi ta cikinta a buɗe. Mintunan da ke biyo bayan zuwan intanet su ne suka fi muhimmanci, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Ba ka faɗi irin rautar da ka saya ba, kuma iri biyu ne a gidaje. Akwai wadda ake saka wa sim, tana jawo intanet daga sabis ɗin waya na 4G ko 5G. Akwai kuma wadda ake jona mata kebul daga modem, wato na'urar da ke karɓo intanet daga layin kamfani, ko daga akwatin da kamfanin intanet ya kafa maka a bango. Ko wacce ce, rauta ba ta ƙirƙirar intanet, rabawa kawai take yi. Shi ya sa za ka ga alamar Wi-Fi ta cika a wayarka amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Cikar alamar tana nufin wayarka da rauta suna jin juna sosai. Ba ta ce komai ba a kan ko rautar tana jin duniya.

Fara da juya na'urar. A ƙasanta ko a bayanta akwai takarda da aka manna, kuma kusan duk abin da kake buƙata yana jikinta: sunan Wi-Fi da aka ba ta daga kamfani, wanda ake rubutawa SSID; kalmar sirrin shiga wannan Wi-Fi; adireshin shafin saiti; wani lokaci kuma da suna da kalmar sirrin shiga shafin. Ɗauki hotonta da wayarka. Rubutun ƙanana ne, kuma da ka faɗaɗa hoton za ka bambance sifili da harafin O, ko lamba 1 da ƙaramin harafin L, waɗanda su ne suke yawan rikita mutane.

Idan mai kebul ce, duba kafofin da ke bayanta. Ɗaya daga ciki launinta daban ne, an rubuta mata WAN ko Internet. Kebul ɗin da ya fito daga modem nan zai shiga. Sauran, masu suna LAN, na kwamfuta ne da talabijin da makamantansu. Saka kebul ɗin intanet a kafar LAN kuskure ne da ake yawan yi, kuma alamarsa ita ce komai ya kama wuta amma intanet shiru. Cire modem daga wuta, jona kebul ɗin, mayar da modem ka ba shi kamar minti biyu ya daidaita, sannan ka kunna rauta. Wasu modem ɗin suna riƙe na'urar farko da suka gani, ba sa karɓar sabuwa sai an kashe su an sake kunnawa. In kuma intanet ɗinka na zaren gilashi ne, wato faiba, kada ka lanƙwasa siririn zaren nan, kada kuma ka cire shi ka leƙa bakinsa, domin hasken da ke cikinsa ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani.

Idan mai sim ce, kashe ta kafin ka saka sim ɗin, ka tabbatar girmansa ya yi daidai da raminsa. In sim ɗin yana tambayar lambar PIN, saka shi a waya ka cire makullin tukuna. Ka kuma tabbatar akwai data a kansa. Wasu rautocin an kulle su a kan kamfani ɗaya, ba sa karɓar sim na wani. Kuma duk irin da gare ka, yi amfani da cajar da ta zo da ita, ko da bakin wata ya shiga, domin ƙarfin wutar da suke bayarwa ba lallai ya zama ɗaya ba.

Yanzu buɗe Wi-Fi na wayarka, zaɓi sunan da ke jikin takardar, ka saka kalmar sirrinsa. A nan ne waya take da wani hali da kwamfuta ba ta cika nunawa ba, kuma shi ne abin da ya fi sa mutane su ɗauka cewa waya ba ta iya aikin. Wayarka za ta lura cewa wannan Wi-Fi ba shi da intanet tukuna. Da ta lura, sai ta koma kan datar sim ɗinta ba tare da ta gaya maka ba, ko da alamar Wi-Fi tana nan a sama. Kai kuma ka rubuta adireshin rauta, sai wayar ta fita waje tana nemansa a intanet, inda babu shi, ta dawo ta ce shafin bai buɗe ba. Maganin abin mai sauƙi ne: kashe datar waya gaba ɗaya har ka gama. In kana da VPN, shi ma kashe shi. Idan wayar ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan wannan Wi-Fi duk da ba intanet, ka ce mata eh.

Daga nan hanya biyu ce, manhaja ko burauza. TP-Link suna da Tether da Deco, Netgear suna da Nighthawk, Huawei suna da AI Life, ASUS kuma suna da ASUS Router. Manhaja tana jan ka mataki-mataki, kuma ga wanda bai taɓa yi ba ta fi kwantar da hankali. In ita za ka bi, sauke ta tun kafin ka kashe data, kuma ka duba sunan kamfanin da ya wallafa ta, domin akwai manhajoji da yawa masu kama da na gaskiya da ba su da alaƙa da kamfanin. Za ta nemi izinin sanin wurin da kake. Kada wannan ya tayar maka da hankali, tsarin Android ne yake haɗa ganin sunayen Wi-Fi da wannan izini. A iPhone kuma za ta nemi izinin ganin na'urorin da ke cikin gida, kuma in ka hana ta ba za ta ga rautar ba.

Ni dai na fi son burauza. Ba ta buƙatar ka buɗe asusu da kowane kamfani, kuma saitunan da manhaja take ɓoyewa duk suna nan a fili. Buɗe burauzar, ka rubuta adireshin a can sama inda ake rubuta adireshin shafi, ba a akwatin bincike na Google ba. Wanda aka fi samu shi ne 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Masu sim na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na Xiaomi kuma 192.168.31.1. Wasu suna karɓar suna maimakon lamba, kamar tplinkwifi.net ko routerlogin.net. Idan takardar ta goge, wayarka ta san adireshin. A iPhone, latsa ɗan harafin i da ke gefen sunan Wi-Fi, lambar da ke gaban Router ita ce. A Android, shiga bayanan Wi-Fi ɗin ka nemi inda aka rubuta Gateway. Burauza tana iya yi maka gargaɗi cewa shafin ba shi da tsaro. A wannan wuri kaɗai, tunda na'urarka ce a cikin ɗakinka, wuce gargaɗin. In shafin ya matse a fuskar waya, kwantar da wayar a gicciye ko ka zaɓi a nuna maka shi irin na kwamfuta.

To, ga inda nake so ka nutsu. Rauta tana da kalmar sirri biyu, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen yawancin matsalar da nake gani. Ta farko ta shiga Wi-Fi ce, ta biyu ta shiga shafin saiti. Ka ɗauke su kamar mukullin ƙofar gida da mukullin ɗakin maigida. Na farko kana iya ba iyali da baƙi. Na biyu kuwa, duk wanda ya riƙe shi zai iya canza na farko, ya kore ka daga na'urarka, ya ga duk wayoyin da ke gidan, har ya karkatar da zirga-zirgarka ta yadda za ka rubuta adireshin bankinka daidai amma a kai ka shafin bogi. Rautoci da yawa, musamman tsofaffi, suna zuwa da admin a matsayin suna, admin kuma a matsayin kalmar sirri. Wannan ba sirri ba ne, a littafin na'urar yake, kowa na iya dubawa.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni suka saba sakawa. Da wannan kaɗai ta kame ɗaruruwan dubban na'urori, rautoci da kyamarorin tsaro, masu su ba su sani ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn a Amurka, wanda ke nuna wa na'urori adireshin shafukan intanet, sai manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗe wa jama'a da yawa na tsawon sa'o'i. Abin ya kai ga Birtaniya ta kafa dokar da ta fara aiki a watan Afrilun 2024, wadda ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin zato. Sababbin rautoci da dama yanzu suna tilasta maka ƙirƙirar taka tun shigar farko. In taka ba ta tilasta maka ba, nemi sashen da ake kira Administration ko System ka canza da kanka, kafin ka taɓa komai. Kada ta zama iri ɗaya da ta Wi-Fi. Rubuta ta a takarda ka adana, domin sai a yi watanni ba a buƙace ta ba, kuma ranar da za a buƙace ta an manta.

Sai batun jawo intanet ɗin. Shafin zai tambaye ka irin haɗin da kake da shi, ko ya gano da kansa. Idan rautar a bayan modem ko akwatin kamfani take, amsar kusan kullum ita ce Dynamic IP, wanda wasu suke rubutawa DHCP. Ba ka da abin rubutawa, zaɓa kawai za ka yi. Idan PPPoE ne, akwai suna da kalmar sirri na musamman da kamfanin intanet ya ba ka, suna cikin takardar yarjejeniya ko saƙon da suka turo. Ba na Wi-Fi ba ne, ba na shafin saiti ba ne, kuma ba a zatonsu. In ba ka da su, kira kamfanin. Static IP ba kasafai ake ba gidaje ba, kuma wanda aka ba zai sani, domin za a haɗa masa da jerin lambobi. Mai sim kuwa yawanci tana ɗaukar saitinta da kanta. In ta ƙi, abin da ya rage shi ne APN, wata gajeriyar kalma da kowane kamfanin waya yake da tasa. Saka sim ɗin a waya ka duba APN da ya fito a saitin data, ka kwafe shi harafi da harafi.

Da intanet ya zo, shiga sashen Wireless ko Wi-Fi ka canza suna da kalmar sirri. Sunan da kamfani ya sa yana tallata irin na'urarka ga duk mai wucewa, kuma wanda ya san irinta ya san rauninta. Zaɓi sunan da za ka gane, amma kada ka sa sunanka, ko lambar gidanka, ko lambar wayarka. Kalmar sirri kuma tsarin yana karɓar daga harafi 8 zuwa 63. Takwas ɗin nan mafi ƙaranci ne, ba abin da ake so ba. Tsawon kalma ya fi sarƙaƙiyarta amfani. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, da 'yan lambobi a tsakani, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, kuma sun fi sauƙin faɗa wa mutum. Ranar haihuwa da lambar waya su ne abin da mai zato yake fara gwadawa.

A wurin nan za ka ga zaɓin nau'in tsaro. Zaɓi WPA3 in akwai, shi ne wanda ya fito a 2018. In kana da tsofaffin na'urori da suka ƙi haɗuwa da shi, zaɓi gaurayen WPA2 da WPA3, ko WPA2 kaɗai tare da AES. WPA2 tun 2004 yake aiki, kuma da doguwar kalmar sirri har yanzu ya wadatar da gida. Wanda ba na so ka kusanta shi ne WEP. Tun 2001 masu bincike suka nuna rauninsa, kuma yau cikin mintuna ake fasa shi. Kada kuma ka bar Wi-Fi ɗin ba makulli da sunan za ka gyara daga baya.

Da ka latsa adanawa, wayarka za ta yanke daga rautar, shafin ya tsaya cak. Ba abin da ya lalace. Ka canza sunan da wayar take riƙe da shi ne, dole ta saki. Jira kamar minti ɗaya, nemi sabon sunan, ka shiga da sabuwar kalmar. In sunan ka bari kalmar kaɗai ka canza, sa wayar ta manta da wannan Wi-Fi sannan ka sake shiga, in ba haka ba za ta yi ta gwada tsohuwar. Ga wanda yake maye gurbin tsohuwar rauta da sabuwa kuma, akwai dabara: ba sabuwar suna da kalmar sirrin tsohuwar daidai, duk na'urorin gidan za su haɗu da kansu. Wannan in kalmar mai ƙarfi ce tun asali.

Wataƙila ka ga sunaye biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan 5G ba shi ne na kamfanonin waya ba, zangon siginar Wi-Fi na 5 GHz ake nufi, ɗayan kuma 2.4 GHz. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi jinkiri kuma cike yake da cunkoso, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta microwave da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Na 5 ya fi sauri da tsabta, amma bango biyu ko uku sun isa su raunana shi. Kusa da rauta hau na 5, can ƙuryar gida koma na 2.4. Wasu rautocin suna haɗa su a suna ɗaya su zaɓa maka, kuma hakan ya yi, sai dai yawancin ƙananan na'urori irin kyamara da ƙwan fitila mai Wi-Fi 2.4 kawai suke ji, kuma wani lokaci sai an raba sunayen kafin su haɗu. Batun tasha, wato channel, bar shi a kan zaɓin kai tsaye. In cunkoso ya dame ka a 2.4, gwada 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Saura abu uku kafin ka fita daga shafin, kuma kada ka tsallake su. Na farko WPS. An yi shi ne don a sauƙaƙa haɗa na'ura ta hanyar danna maɓalli ko saka lamba 8. A watan Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, kuma ta ƙarshen lissafi ce kawai daga sauran. Saboda haka maimakon gwaji miliyoyi, gwaji 11,000 ya isa a gano ta, kuma wanda ya gano ta rautar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirrin Wi-Fi, komai tsawonta. Sababbin na'urori sun toshe wannan ta hanyar kulle kansu bayan 'yan gwaji, amma tunda ba ka buƙatarsa, kashe shi. Na biyu, duba Remote Management, wato damar shiga shafin saiti daga wajen gida, ka tabbatar a kashe yake. Na uku, sabunta manhajar cikin na'urar, wadda za ka ga an rubuta Firmware. Rautar da ka ciro daga kwali yau ta iya yin watanni a ajiye, kuma a tsakanin an gano ramuka an toshe. Latsa neman sabuntawa, in akwai ta kai tsaye kunna ta. Yayin da take sabuntawa kada ka cire ta daga wuta ko ka danna komai, domin yankewa a tsakiya tana iya kashe na'urar gaba ɗaya.

Za ka ji wasu suna ba da shawarar ɓoye sunan Wi-Fi, ko tace na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura take nuna wa rauta. Ban ga amfaninsu ba. Ɓoyayyen suna manhajar kyauta ma tana ganinsa, lambar MAC kuma ana kwaikwayonta. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna nuna wa Wi-Fi lambar da suka ƙirƙira maimakon ta asali, sai tacewar ta zama wahala gare ka kai kaɗai. Abin da ya fi su amfani nesa ba kusa ba shi ne Wi-Fi na baƙi, Guest Network. Suna ne na biyu da kalmar sirrinsa daban, yana ba baƙo intanet ba tare da ya ga sauran na'urorin gidan ba, kuma kana iya canza kalmarsa duk lokacin da ka ga ta yaɗu ba tare da ka taɓa wayoyin iyali ba. In kuma ba ka son furta kalmar, Android daga 10 zuwa sama yana fitar da lambar QR da mutum zai haska da kyamararsa ya shiga. Ka dai sani cewa wanda ya haska zai iya ganin kalmar a wayarsa, don haka ta baƙi za ka nuna masa.

Wurin da ka ajiye rautar yana yin tasirin da babu saitin da zai yi. Sigina daga rauta yana bazuwa ne ta kowane gefe, don haka in ka ajiye ta a ƙarshen gida rabinsa waje yake tafiya. Nema mata tsakiya, a sama, a fili. Ba ƙasa ba, ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba. Ƙarfe, madubi, bangon kankare da ruwa mai yawa duk suna shanye shi. In tana da eriya, miƙar da su tsaye. Mai sim kuma tana da buƙata ta biyu, wato jin sabis daga waje, shi ya sa kusa da taga ya fi mata. Zagaya da ita ɗaki-ɗaki kana duba ƙarfin sabis a shafinta kafin ka yanke shawara. Lokacin gwada sauri kuma ka tuna Mbps, ma'aunin saurin layi, da MB, ma'aunin girman abin da ake saukewa, ba ɗaya ba ne, Mbps takwas ne suke sauke MB ɗaya a daƙiƙa. Layin 40 Mbps zai sauke kamar MB 5 ne a daƙiƙa, ba cutarka aka yi ba.

Akwai abin da nake jin takaicin ba a gaya wa masu rautar sim tun farko. Waya da kwamfuta suna ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin marar iyaka. Duk sabuntawar da suka jinkirta, da hotunan da suke jiran turawa ma'ajiyar intanet, da bidiyon da suke ragewa inganci a kan data, da sun ga Wi-Fi sai su saki jiki. Sai mutum ya wayi gari datar wata ta ƙare cikin kwanaki, ya fara zargin maƙwabta. A Android, shiga bayanan Wi-Fi ɗin ka sa a ɗauke shi a matsayin mai awo, Metered. A iPhone kunna Low Data Mode a kan wannan Wi-Fi. Windows ma yana da irin wannan zaɓi. Yi haka a kowace na'ura ta gidan. In har yanzu kana zargi, shafin rauta yana da jerin duk na'urorin da ke haɗe. Ka ga wadda ba ka gane ba, kada ka tsaya toshe ta ita kaɗai, canza kalmar sirrin gaba ɗaya.

Idan ka bi duk wannan intanet bai zo ba, duba fitilar intanet ko ta WAN. In a kashe take ko ja ce, matsalar tana tsakanin rauta da kamfani: kebul, sim, data, ko bayanan PPPoE. A akwatin faiba, jar fitila a kan LOS tana nufin hasken ba ya isowa, wannan kuma aikin kamfani ne, ba naka ba. Akwai kuma wata matsala mai ɓoyewa: akwatin kamfani da sabuwar rautarka su zo da adireshi iri ɗaya, misali dukansu 192.168.1.1. Wasu rautocin suna lura su kauce da kansu. In taka ba ta yi ba, shiga saitin LAN ka mayar da nata 192.168.2.1, daga nan kuma da sabon adireshin za ka riƙa shiga shafinta. In akwatin kamfanin shi ma rauta ne, kai kuma faɗaɗa Wi-Fi kawai kake so, mayar da taka kan tsarin Access Point, inda yaɗa Wi-Fi kaɗai za ta riƙa yi ta bar wa akwatin sauran aikin, ya fi tsabta.

In kuma abubuwa sun cakuɗe, ko ka manta kalmar shafin saiti, akwai ɗan rami a bayanta da aka rubuta Reset. Tana kunne, sa tsinke ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su canza. Za ta koma yadda ta fito daga kwali, suna da kalmar sirrin da ke jikin takardar su dawo aiki, sai ka sake farawa daga haɗa waya. Ka dai tabbatar bayanan PPPoE ko APN suna hannunka kafin ka danna, domin su ma za su goge. Idan kuma rautar ta kamfanin intanet ce, su suka kawo ta a saite, kira su kafin ka taɓa ramin nan, domin akwai saitin da suka sa wanda ba lallai ka iya mayarwa da kanka ba.